Tattabarun Baba

Ta ƙaramar tagar karɓar samfur a asibiti ta fara ganin saurayin, ya riƙo kwalbar majinar mahaifinsa da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Tsohon ya sha maganin tarin fuka har ya gaji, tari bai tsaya ba.

"Malama mai farar riga, a taimaka mana," ya ce.

Ta sunkuyar da kai ta karɓa. Ita ke kula da na'urar karanta DNA a ɗakin gwaji, ta fi sabawa da ƙugin inji a kan muryar samari. Amma kullum sai ya leƙo tambayar sakamako, ko da ta ce da saura. Tambaya ta zama hira, hira ta kai ga maganar aure, har ta soma gane takunsa tun daga baranda.

Da sakamako ya fito, ashe ba tarin fuka ba ne. Wata irin fumfuna ce a huhu, mai rayuwa cikin kashin tsuntsaye. Likita ya canja magani, ya ce a raba tsohon da tattabarunsa. Tattabarun kuwa marigayiya matarsa ce ta bar masa.

Saƙon saurayin ya shigo wayarta: "Farar Rigata, Baba ya ce wadda ta raba shi da tsuntsayen Mama ba za ta zama surukarsa ba. Ki yi mini haƙuri."

Ya daina zuwa, baranda ta yi tsit. Takan rubuta "Ya jikin Baba?" sai ta goge. Har sake gwada samfurin ta yi, ko Allah zai sa kuskurenta ne. Na'urar ba ruwanta da soyayya, abin da ta faɗa shi ta maimaita.

Wata safiya aka ƙwanƙwasa tagar da sanda.

"Ke ce kika kai ƙarar tsuntsayena?" in ji wani dattijo.

"Ni ce, Baba."

Ya ja numfashi mai tsawo, ko tari babu. "To, na warke. Amma ɗana ya fi ni ramewa. Injin naki yana gano wannan ciwon?"

Ta rufe fuska da mayafi. "Wannan ba sai an gwada ba, Baba."

Ranar ɗaurin aure, tsohon da kansa ya kama hannunta ya kai ta inda kejin yake a dā, an share shi tas.

"Nan uwar mijinki take zama, 'yata. Shuka abin da kike so. Allah ya yi muku albarka."