Waƙar Daka a Cikin Waya

Wai an yi wani saurayi da ya dawo gida bayan shekara bakwai. Ya tarar rijiya ta zama famfo, jakinsu ya tsufa, makaranta kuma tana neman malamin waƙa.

Shi kuwa ko baiti ɗaya bai taɓa tsarawa ba. Sai ya laɓe bayan rumbu, ya naɗi waƙar dakan gwaggonsa a waya, ya kai wa hedimasta.

"Wa ya tsara ta?"

"Ni, ranka ya daɗe."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

Suka saurara har ƙarshe, sai ga muryar Gwaggo: "Kai mai laɓe, ina ganin ƙafarka. In waƙata kake so, fito ka roƙa, ka karɓi taɓarya."

Hedimasta ya ɗauki Gwaggo aiki. Saurayi ya hau ɗaure jakarsa, yana cigiyar motar safe.