Tsumman Gwaggo Lantana

Da la'asar sakaliya Gwaggo Lantana ta aika a kira mata Iro, ɗan ƙanenta. Aiken ba shi da nauyi a baki: ya je siton Mijinyawa ya ɗauko mata wani tsumma.

Mijinyawa ɗan Karaye ne. Ya tafi Zariya ya karanto zane-zane, ya dawo mana a ƙarshen shekarun tamanin da suma buzu-buzu da jakar fata. Ya kama wani tsohon siton auduga a lungu cikin gari, ya shafe shi da farin fenti. Rabi ya rataye ayyukansa, rabi ya kafa dandamali da bencina don wasan kwaikwayo. Ba hannun gwamnati, ba na ƙaramar hukuma, daga shi sai taurin kansa. Iro yana cikin 'yan wasansa, kuma kullum ɓarawo ake ba shi, don an ce fuskarsa ta dace.

Mutane sun zaci za su ga hoton doki ko na masallaci. Ina! Mijinyawa ya ce wannan tsohon yayi ne. Fasahar zamani ita ce ka tsinci abin da jama'a suka yar, ka manna a katako, ka ba shi suna. Ba laifi. Amma duk faɗin ƙasar nan, daga Karaye har Rogo, ya rasa inda zai yi tsintuwarsa sai mararrabar hanyar Kurugu.

Ko akuya ta san abin da ake zubarwa a wurin. Wanda ciwo ya gagara, a can yake wankan magani da almuru, ya bar kaskon da tsumman, ya tafi bai waiwaya ba. Ciwon ya zauna nan yana jiran mai tsautsayi. Gwaggo ta sha fama da gyambo a ƙwauri har ta daina zuwa biki, sai da wani mai magani na Zoza ya sa ta yi hakan, ƙafar ta bushe. Yau ga maƙwabciyarta ta leƙa siton, ta dawo tana cewa ta ga ƙyallen atamfar Gwaggo mai ganyen rogo a bango, har da suna a ƙasa wai "Juriya."

Gwaggo ta ɗage zani ta nuna wa Iro. Tsohon tabon ya yi ja, yana naso.

"Tun shekaranjiya yake ƙaiƙayi. Idan abin nan ya ƙara kwana a can, ƙafata ta tafi."

"Gwaggo, a bari Mijinyawa ya dawo daga Rogo mana, ya je gayyatar baƙi. Gobe ne za a buɗe baje kolin ayyukansa."

"Gobe a buɗe ƙafar uwarsa! Ka mayar da shi inda aka ɗauko, da almuru, yadda aka ajiye shi. Kada hannunka ya taɓa, da kara za ka ɗauka. Kuma kada ka waiwaya."

Iro ya karyo karan dawa, ya ɗauki tocila. Makullin siton dama yana wajensa.

Rana ta yi ja lokacin da ya shiga lungun. Kaji sun shiga akurki. Tun bai kai ƙofa ba wari ya tare shi. Ya ce a ransa ɓera ne ya mutu. Da ya buɗe, ya gane ɓera ba shi da wannan ƙarfin. Ɗoyi ne mai ɗumi, mai zaƙi-zaƙi, irin na miki da aka daɗe ba a kwance ba, ya gauraye da warin sabon fenti. Ya ja wuyan rigarsa ya toshe hanci.

Ƙudaje suna ta zuuu. Ƙuda da almuru, a ɗakin da ba abinci.

Ya haska bango. Katakai jere, kowanne da kayansa. Kasko mai busasshen kumfar magani. Sakaina da gashin mutum a manne. Hular jariri. Kowanne yana zufa. Wani ruwa rawaya-rawaya yana tsattsafowa, yana bin farin fentin nan a hankali, ya taru a ƙasa kamar koko.

Na Gwaggo ne ya fi girma. Katako mai faɗin ƙyauren ɗaki, tsumman a tsakiya, ya kumbura, yana sheƙi. Iro ya kai kara ya zungura. Ko motsi. Mijinyawa ya yi aiki tsakani da Allah: gam a ƙasa, ƙusoshi a gefe. Ya ƙara dannawa. Tsumman ya lotsa, ya fitar da mugunya, karan ya karye.

A bayansa benci ya yi ƙara.

Wani ma ya yi.

Da ya shigo, bencinan nan wayam suke. Ya karkata tocilar ƙasa-ƙasa, bai yarda ya ɗaga ta ba. Ƙafafu ne a jere. Wasu a kumbure, wasu sun zagwanye, wasu ƙanana kamar na 'yan yaye. Suna zaune cikin ladabi suna fuskantar dandamali, kamar waɗanda aka gayyata.

Wani ya yi tari mai kauri, ya haɗiye.

"Malam," in ji wata murya, ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da ruwa a baki. "An kusa farawa?"

Iro ya nemi addu'a a kansa. Ta cin abinci ce kawai ta zo.

"Sai... sai gobe," ya ce.

"To madalla. An ce za a cika."

"Da mata," wata ta ƙara. "Da yara."

Sai aka yi dariya a hankali, irin ta tukunya mai tafasa.

Daga bencin gaba wani ya miƙe. Ƙafa ɗaya ta taka. Ɗayar ta biyo, caɓ.

"Wannan nawa ne," ya raɗa. "Ita ta yar da ni. Shi ya kawo ni gari. Na ga gidanta daga nan."

Caɓ.

An ce kada hannu ya taɓa tsumma. Ba a ce katako ba. Iro ya cafki gefe da gefe, ya fizge shi daga bango, ya ɗora a kan hularsa, ya yi waje.

Ana kiran magariba. Lungu ba kowa.

Katakon ya yi nauyi kamar da mutum a kai.

Bayansa, caɓ. Caɓ.

Ya wuce gidajen ƙarshe, ya shiga tsakanin gonaki. Abu ya ɗiga masa a ƙeya. Mai ɗumi. Ya gangara wuya, ya shige riga. Hannayensa biyu suna riƙe da katako, ba halin gogewa.

Ya sake ɗiga.

Amai ya taso masa. Ya yi shi yana gudu.

"Ɗan'uwa," aka ce dab da kunnensa, da numfashi mai wari. "Duba mana ka gani, ko ka yar da wani abu."

Bai duba ba.

"Kai ma jikinka da kyau."

A mararraba ya kifar da katakon, ya juya da ido a rufe, ya zura da gudu. Caɓ ɗin bai biyo shi ba.

Ƙafar Gwaggo ta bushe kafin mako ya zagayo. Tun washegarin daren nan kuwa Iro ya tari Mijinyawa a tasha, ya nuna masa ƙeyarsa, kuma ba a buɗe komai ba ranar. Shi da kansa mai fasahar ya kwashe sauran katakan a baro ya mayar mararraba, yana tafe yana susa. Daga baya ya koma zana furanni a jikin motocin Rogo, kuma ko kwabo ya gani a ƙasa, tsallakewa yake yi.

Iro kuwa, inda abin ya ɗiga ya bar masa tabo mai faɗin tafin hannu. Da rani lafiya lau. Da damina ta faɗi sai ya fara naso, ƙuda ya riƙa binsa har masallaci. Dole ya koma naɗa rawani. Tun daga lokacin duk ƙungiyar wasan da ya shiga, hakimi ake ba shi. Yana kyau da sarautar ƙwarai. Sai dai masu fitowa a fadawa sun fi son zama ta inda iska ke tahowa.