Zomayen Maite

Ranar da Efraín ya kama aikin likitan dabbobi a wata jami'a a Valdivia, ya tarar da Maite zaune gaban wani farin zomo. Na'ura ta yi ƙara, iska ta hura idon zomon, ya ƙifta. Can ta kunna ƙarar kaɗai, ba iska. Ya sake ƙiftawa.

"Ya koya," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Saura in gano inda ya ajiye karatun. Ina zargin ƙaramar ƙwaƙwalwar nan ta ƙeya."

"Ta yaya za ki gano?"

"In cire wurin, in ga ko zai manta."

"Kin nemi izininsa?"

Sai a lokacin ta dube shi.

Da gardama suka fara, daga baya suka koma shan shayi tare a bakin kogi. Shi yana ce mata Siririya, ita tana ce masa Lauyan Zomaye.

Da ya kawo maganar aure, mahaifiyarsa, Doña Clorinda, ta ƙi. "Wadda ke fasa kan zomo da safe, ita za ta riƙe min jika?"

Efraín bai kare Maite ba, don shi ma abin yana ci masa rai. Maite ta ji labari, ta daina gaishe shi. Ana haka wani tsohon saurayinta, Leandro, ya samo mata gurbin bincike a Santiago. Ta fara haɗa kaya.

Sai ga saƙo: "Siririya, na yi laifi da na yi shiru. Ba sai an cire wa zomon wurin ba, ana iya sanyaya shi na ɗan lokaci. Ki bari mu gwada kafin ki tafi. In ma bai yi ba, kada ki tafi."

Suka gwada. Da wurin ya yi sanyi, ƙarar ta daina sa zomon ƙiftawa. Da wurin ya ɗumama, zomon ya tuna. Maite ta kira Leandro ta ba shi haƙuri, sannan ta je da kanta ta ɗauko Doña Clorinda ta nuna mata zomon yana cin ganye.

An ɗaura aure a watan Janairu, a ƙaramin cocin unguwarsu. A bakin ƙofa tsohuwar ta gyara wa amarya mayafi.

"Har yanzu ban gane aikinki ba, 'yata," in ji ta. "Amma na gane ki. Ku je, Allah ya albarkace ku."