Hancin Shuhada da Keken Kalli

Warin ne ya riga sallamar shigowa shagon.

Shuhada na zaune tana ɗura humra a ƙananan kwalabe, ranar wata Talata da hantsi, a shagonta na turaren wuta da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Ta ajiye kwalbar ta ɗago. Warin tsohon gumi ne da ya bushe ya sake jiƙewa sau ba adadi, haɗe da na baƙin mai da na takalmin da ya daɗe bai sha iska ba.

Wani dogon saurayi ne tsaye a bakin ƙofa, ya rame, gemu ya cukurkuɗe, rigarsa ba ka iya cewa ga launinta na asali. A gefen titi kuma ga wani irin keke da ba ta taɓa gani ba, dogo, mai sirdi biyu, an ɗaure masa jarkoki da ƙunshin kaya. Wani magidanci mai baƙin tabarau yana dafe da sirdin baya.

"Don Allah 'yar'uwa, ko za mu samu ruwan sha?"

Kowa a gidansu ya san Shuhada da ƙyanƙyami. Ko ƙanwarta ba ta isa ta sha ruwa a kofinta ba. Ta ja mayafi ta toshe hanci, ta ɗauko ruwan leda huɗu ta ajiye a kan benci maimakon ta miƙa masa.

"Ga shi nan."

Mai tabarau ya yi dariya. "Ƙanwata, ba na gani, amma na ji muryarki ta koma ta cikin hanci. Ki yi haƙuri, yau kwananmu hamsin da ɗaya a hanya. Kuma ki tausaya min, ni ne a baya. Duk iskar da za ta zo min sai ta bi ta kansa."

Dariya ta kufce mata ba ta shirya ba.

A kan bencin suka ba ta labari. Mai tabarau shi ne Laminu, direban babbar mota ne kafin hawan jinin ido ya kama shi. Saurayin ƙanensa ne, Kalli, manomin shinkafa kuma mai walda a Gashua. Sun je wani asibitin ido a Ghana, likita ya ce an makara. Laminu ya shiga ɗakin masauki a zangon Kumasi ya ƙi fita, ya ƙi cin abinci. Sai Kalli ya sayi tsofaffin kekuna biyu ya haɗe su da walda, ya ce masa, "Yaya, kai ka san hanya, ni ina da ido. Tashi mu tafi gida." Ta Togo suka biyo, da Benin, da Nijar, suka shigo ta Machina.

"Gobe in Allah ya so muna gida," in ji Kalli.

Shuhada ta ɗauko sabulu biyu da ƙullin turaren wuta ta ajiye a kan bencin. "Ba don ku ba ne. Don mutanen Gashua ne."

Suna tafiya ta wanke bencin da omo, ta kunna kasko har sau biyu. Duk da haka da rana ta kasa cin abinci.

Washegari da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Assalamu alaikum. Kalli ne mai keke, a jikin ƙullin turaren na ga lambarki. Mun bar Nguru bayan asuba, mun huta a Jajimaji, mun shiga Gashua bayan la'asar. Tun daga bakin gari mutane suka biyo mu. Yaya Laminu ya ce in daina taka feda, shi kaɗai ya kai mu ƙofar gida. Hajja ta fito ba ko takalmi, ta rungume mu tana kuka. Ita dai ba ta toshe hanci ba."

Ta karanta sau uku, ta ji haushi, sannan ta rubuta:

"Ita ta haife ku, dole ta jure. Barka da isowa. Ka yi wanka?"

"Sau biyu, ranki ya daɗe. Rigar kuma an ƙona ta."

Daga nan saƙonni suka ɗore. Bayan mako uku ya zo Nguru cikin farar shadda, ya yi aski. Ta tsaya nesa ta shaƙi iska kafin ta amsa sallama.

"Nuna min farcenka."

Ya miƙo hannu. Baƙin mai ya maƙale a ƙarƙashin kowanne.

"Tir. Da wannan kake cin tuwo?"

"Da shi nake noma tuwon ma, Duba-garina."

Sunan ya bi ta tun daga ranar. Ita kuma Direba take ce masa. Yana zuwa duk Juma'a, tana aika shi da buroshi da sabulu, yana dawowa da shinkafa sabuwar casa da jan barkono. Har yanzu takan yamutsa fuska in ya zo kai tsaye daga wajen walda, amma ta lura in Juma'a ta yi bai zo ba shagon yana yi mata faɗi.

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, Alhaji Yunusa, ɗan kasuwar riɗi wanda iyayensa suka zo daga Haɗeja, sai ya kira ta gaban mahaifiyarta.

"Mutum da girmansa ya bar gonarsa wata biyu yana yawo a keke kamar yaro, shi kika kawo min? Kuma na tambaya, an ce ciwon idon nan yana bin jini. In ya makance fa? Ke da ko kofi ba kya haɗawa da kowa, ke ce za ki yi jinya?"

"Abba..."

"Ga Bilya nan ɗan aminina, yana da shagon waya, kin san shi na san shi. Ki yi tunani."

Bilya kuwa bai jira ta gama tunanin ba. Kullum yana tafe da mota, ya yi wanka da turare har yana hawa mata kai. Wata rana ya turo mata hoto. Kalli ne a kan dogon keken yana dariya, a sirdin baya kuma wata budurwa ce cikin shuɗin hijabi, ta jingino kamar za ta kwanta a bayansa. A ƙasa Bilya ya rubuta: "Jihadin ɗan'uwa ke nan a Ghana."

Ta tuna duk daɗin bakin da ta saurara, ta ji ƙyamar kunnuwanta. Nan take ta rubuta wa Kalli:

"Na ga hoton. Ashe sirdin bayan na kowa ne. Kada ka sake kirana, kada ka sake zuwa shagona."

Ta toshe lambarsa. Buhun shinkafar da ya kawo ma ta sa aka fitar da shi daga gidan.

Kwana tara bayan haka, tana share gaban shago, ta ji ƙarar sanda a kan dakali. Laminu ne, shi kaɗai.

"Yaya Laminu! Wa ya kawo ka?"

"Motar haya. Yau ne karo na farko da na yi tafiya ba ɗan rakiya, saboda ke. Kalli bai sani ba, yana can ya zama kamar ni a ɗakin Kumasi." Ya laluba bencin ya zauna, ya zaro waya. "Ƙanwarki ta faɗa masa abin da aka turo miki. Buɗe bidiyo na farko."

Ta buɗe. Filin wata makaranta ne. Ga budurwar mai shuɗin hijabi a sirdin baya, tana ihu tana dariya, fuskarta na kallon sama. Wani dattijo na gudu a gefe yana riƙe da hannunta. Can baya ga layin yara da 'yan mata da fararen sanduna suna jiran a zo kansu.

"Makarantar makafi ce a arewacin Ghana," in ji Laminu. "Mun tsaya gyaran taya, suka ji labarinmu. Yarinyar nan da makanta aka haife ta, ba ta taɓa hawa keke ba. Wancan mahaifinta ne. Mutum talatin da ɗaya Kalli ya zagaya da su ranar, har ƙafarsa ta kumbura. Bidiyon yana shafinmu na intanet inda muke saka labarin tafiyar, kowa yana iya yanko abin da yake so."

Tana cikin kallon bidiyon mota ta tsaya. Bilya ya fito yana gyara hula. Da ya ga mai sanda a kan benci, ya tsuke fuska.

"Malam, Allah ya ba mu, matsa gaba. Nan ba wajen bara ba ne." Ya sa yatsu biyu ya ɗage sandar daga hanya, sannan ya zaro hankici ya goge yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Shuhada ta tsaya tana kallon hankicin. Turarensa ya cika wajen. Abin da ya fi damunta shi ne ta san wannan goge hannun. Ita ma ta wanke bencin nan da omo.

"Wannan yayan Kalli ne," ta ce. "Kai ka yanke hoton?"

Bilya ya ɗan daburce, sai ya yi dariya. "To sai me? Taimakonki na yi. So kike ki ƙare kina jan makafi biyu a titi?"

"Fita min daga gaban shago, Bilya. Wallahi ko kallonka ba na son yi."

Da ya tafi ta shiga ciki, ta ɗauko kofinta, ta cika shi da ruwan sanyi, ta kama hannun Laminu ta sa masa. Bayan ya sha ta buɗe lambar Kalli.

"Direba, na zalunce ka. Na yarda da hoto ban tambaye ka ba. Ina jin kunyar kaina. Ka yafe min."

Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta zo.

"Na yafe tun kafin ki nema, Duba-garina. Amma ki faɗa min gaskiya, Yaya yana wajenki? Mun duba ko'ina, Hajja ta kusa suma."

Ranar Asabar 'yan'uwan biyu suka zo wajen Alhaji Yunusa. Shuhada ta riga ta faɗa masa abin da Bilya ya yi, shi kuma tun daga nan ya daina ambaton sunansa. Bayan gaisuwa Kalli ya ajiye wata takarda a gabansa.

"Baba, na ji abin da ke damunka, kuma kana da gaskiya. Na je an gwada idona. Likita ya ce yanzu lafiya, amma tunda yana jininmu, dole in riƙa zuwa gwaji duk shekara. In an gano shi da wuri ana tsare shi da magani. Ba zan ce maka ba zai taɓa zuwa ba, domin ban sani ba."

Alhaji ya daɗe yana duban takardar. "Da ka ɓoye min, wa zai sani?"

"Ni zan sani, Baba."

Dattijon ya juya ga Laminu. "A tafiyar nan taku, bai taɓa cewa ya gaji ba?"

"Kullum sai ya faɗa, Alhaji. Har kuka ya yi a wani hawa a Togo. Amma bai taɓa cewa in sauka ba."

Alhaji ya aika aka kira Shuhada. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Kin ji abin da likita ya ce. Ba na son gobe ki zo min da kuka."

"Na ji, Abba. In ya zo, ni zan riƙa ɗiga masa maganin."

Ya ninke takardar ya mayar wa Kalli. "Ku turo manyanku."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Yunusa. Laminu ne ya karɓa wa ƙanensa, da aka shafa Fatiha kuwa ya kasa tashi sai da aka ba shi lokaci ya share fuska.

Da la'asar motocin kai amarya suka isa Gashua. Hajja ta tarbe ta a tsakar gida tana ta "Wushe, wushe," irin marabar Barebari, ta zaunar da ita a kan sabuwar tabarma, ta kira Kalli ya durƙusa kusa da ita. Ta haɗa hannuwansu cikin nata biyu masu kaushi.

"Ni ban iya doguwar magana ba," ta ce. "Kai, kada in ji ta yi kuka a gidan nan. Ke kuma 'yata, in ya ɓata miki, kada ki tafi Nguru, ɗakina ya fi kusa. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, ya sa ku tsufa tare."

Matan da suka cika gidan suka amsa da amin, guɗa ta tashi. A ƙarƙashin mayafi Shuhada ta ce nata amin ɗin a hankali, ta ƙara damƙe hannun mijinta.