Hutun Yamai

"Mama! Mama! Baba ya ce holide za mu ƙasar waje!"

Yusuf ne ya faɗo tsakar gida da gudu, saura kaɗan ya kifar da kwandon busasshen kifin da Ramatu ke gyarawa. Yayarsa Zahra'u na biye da shi, amma a bakin ƙofa ta tsaya, don ba ta saba shiga jikin uwarta ba. Ita ce 'yar fari, Ramatu kuwa kunyar 'yar fari ta yi mata katutu. Shekara takwas ba ta taɓa furta sunan yarinyar ba, daga "ke" sai "waccan". Ko ɗan kunne ta sayo mata, Yusuf take ba ya miƙa.

Mijinta Mamuda ya shigo yana murmushi. Tun da aka yi jihar Kebbi ya sami ƙarin girma a sakatariyar Yelwa bai kai iyalinsa ko nan da Shanga ba, sai ga shi yau da zancen Yamai.

"Wurin Yaya Balaraba za mu. Ki shirya, Rama, ke ma ki ga duniya."

Daɗi ya rufe ta. Rama yake ce mata tun yana zuwa zance bakin ruwa inda babanta ke ɗaure kwalekwalensa, kuma ko a mafarki ba ta taɓa tsammanin zai ɓoye mata wani abu ba.

Surukarta Inna ce ta ce ita za ta haɗa kayan Zahra'u. Ramatu ta leƙa jakar, ta ga an kwashe komai, har allo da 'yar tasarta.

"Inna, hutu na fa. Kayan ba su yi yawa ba?"

"Mi ya yi miki zahi? Yaushe uwar ɗiyar fari ta soma sa ido ga kayan ɗiya?"

Ramatu ta sunkuyar da kai, ta ba da haƙuri.

Suka bi ta Kamba, suka tsallaka Gaya, har Yamai. Hajiya Balaraba matar mai sayar da atamfa ce, gida har gida, sai dai Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta kai su gidan namun daji, Yusuf ya ga zaki ya tsala ihu. Suka ci burodi dogo kamar sanda. A kan gada Mamuda ya nuna wa yaran kogi, ya ce shi ne wanda ke wucewa ta garinsu, Yelwan Yauri. Ramatu na dariya, amma ranta bai kwanta ba. A ɗakin gwaggonta Balaraba Zahra'u ke kwana, kuma tela ya zo ya auna ta ita kaɗai.

Ranar komawa, a tasha, an ɗora kaya amma ban da jakar Zahra'u. Balaraba ta riƙe hannun yarinyar gam.

"Ɗiyata kam ta zo gida ke nan. Inna ta ba ni riƙonta, Mamuda ya sani."

Ramatu ta dubi mijinta. Shi kuwa tayar mota ya tsura wa ido.

"Baban Yusuf, gaskiya na?"

"Inna ta yanke, Rama. In na faɗa miki tun a gida, da ba ki zo ba."

Ashe hutun ke nan! An ciyar da ita, an kai ta kallon zaki, don ta kawo 'yarta da ƙafarta ta bari.

"To, uwar ɗiya, kina da magana?" in ji Balaraba. Ta san sarai kunya ba za ta bar ta ta ce uffan ba. Sai ta juya ga yarinyar. "Ke fa, kina son zama?"

"Zan zauna, Gwaggo. Ai Mama ba ta sona. Ko sunana ba ta sani ba."

Ba da fushi ta faɗa ba, yadda ake faɗin abin da kowa ya sani ta faɗa, kuma shi ya fi yi wa Ramatu ciwo. Ta shiga mota hawaye na zuba. Direba ya tayar, mota ta soma gungurawa. Ta waiga, ta hango 'yarta tsaye ko hannu ba ta ɗaga ba.

Ba ta san lokacin da ta zura kai ta taga ba.

"Zahra'u! Zahra'u!"

Yarinyar ta yi turus, sannan ta fizge hannunta ta kwasa a guje. Mamuda ya buga jikin mota, direba ya taka birki. Mamuda ya sauka, ya durƙusa gaban yayarsa idonsa jawur.

"Yaya, ki gafarce ni. Na cuci matata, ba ni ƙarawa. Da ɗiyata za ni."

"Ka zaɓi marar kunya a kaina? Allah ya isa!"

Abin bai zo da sauƙi ba. Balaraba ba ta sake taka Yelwa ba. Inna ta daɗe ba ta amsa gaisuwar Ramatu, matan unguwa suka sa mata suna mai kiran 'yar fari a tasha. Ta shanye duka, kullum safe tana durƙusawa ta gaida Inna, har tsohuwar ta gaji ta sauko don kanta. Mamuda ma ta yafe masa, ko da yake ta jima kafin "Rama" ta sake yi mata daɗi a kunne.

Kunya abin so ce, haƙuri kuma yana da lada, amma yaro ba ya ganin abin da ke cikin zuciya, abin da aka nuna masa shi ya sani. Ramatu ta gane haka tun a motar nan, kafin su kai Dosso, lokacin da Zahra'u ta ɗora kai a cinyarta karo na farko, ta ja gefen mayafinta a hankali.

"Mama, ƙara faɗa in ji."