Shirun Malama a Bayan Gilashi

Yammacin Asabar ne, iska na kaɗa labulen falo a hankali, Malama na zaune a kan kafet, ɗalibanta sun kewaye ta da fensir da takardu. Su makarantarsu ta zaɓa don gasar lissafi ta ƙasashen duniya da ake shirya wa 'yan firamare, kuma bana a garinsu za a yi ta. Tun da aka sanar da ita, ko shara take sai ka gan ta tsaye da tsintsiya a hannu, tana hango wani babban zaure mai tutoci kala-kala, ga yaranta a tsakiyar yaran duniya. Daga nan tunanin ya zarce wajen Dogo, injiniyan da aka kusa sa musu rana, da ɗan gidan nan mai bishiya a ƙofa da ya ce nan za su zauna.

Mafi ƙanƙanta a yaran ita ce 'yar yayar Dogo, wadda kowa ke kira Ɗigo. Ranar an ba ta wani zane ne, aka ce ta ƙirga alwatika nawa ke ciki. Ta ƙirga, ta goge, ta sake, har takardar ta kusa hujewa. Sai hawaye.

"Anti, don Allah ki faɗa min! Wallahi kaina ya yi zafi!"

"Ajiye fensir, ki ja da baya, ki sake kallo," in ji Malama. Ta naɗe hannu ta yi shiru, don haka take koyarwa.

Daidai nan Mama, mahaifiyar Dogo, ta yi sallama, ta zo ɗaukar jikarta. Ta dubi yarinya na sheshsheƙa, ta dubi Malama, nan take fuskarta ta canza.

"Ikon Allah! Yarinya na kuka a gabanki kin naɗe hannu kamar mai jiran mota? Ba ki san amsar ba ne?"

"Na sani, Mama, sai dai—"

"Kin sani kika hana ta! Tashi, ƙawata, mu tafi." Ta ja hannun Ɗigo, ko ruwan da aka kawo mata ba ta kalla ba.

Washegari Dogo ya zo, ya jingina da ƙofar gida, duk tsawon nan nasa ya rankwafa.

"Malamata, Mama ta ce a dakata da maganarmu. Wai macen da hawayen yaro bai motsa ta ba, ba za ta ba ta riƙon jikoki ba."

Gidan nan mai bishiya ya yi wa Malama nisa.

"Abin mai sauƙi ne," ya ce da sauri. "Ki zo gida, ki zauna da Ɗigo a gaban Mama, ta tambaya ki ba ta amsa, ki rarrashe ta. Sau ɗaya tak!"

"Haƙuri zan je in ba Mama, har ƙasa zan durƙusa. Amma amsa ba zan ba Ɗigo ba." "A zauren nan babu Anti, babu Kaka. Idan na saba mata da ceto, ranar da ta waiga ba ta gan ni ba fa? Ina son ka, Allah ya sani. Kada ka sa in cuci yarinya don in same ka."

"Ba zan tsallake maganar Mama ba," ya ce, "kuma ba zan nemi wata ba. Ki jira ni."

Ta je ta ba da haƙurin, Mama ta amsa da "Allah ya kyauta" tana kallon talabijin. Uwar Ɗigo dai ta ci gaba da turo 'yarta darasi. Malama ta rame. Da rana ta koyar da dariya, in ta shiga ɗaki ta kifa kai a cinyar Ummanta ta yi kuka, Umma na shafa kanta tana cewa, "Yi haƙuri, 'yata, ba laifi kika yi ba."

Ranar gasa zauren ya fi na mafarkinta kyau. Fitilu fari tas, tutoci na lilo, yara masu kamanni iri-iri sun zauna kowa da teburinsa. Iyaye da malamai kuwa aka hau da su sama, bayan wani faffaɗan gilashi, ana gani ba a ji. Mama ta zo, kuma kujerar da ta rage ita ce ta kusa da Malama. Yadda aka yi haka, sai a tambayi Dogo, da ya koma baya yana ta duba wayarsa kamar bai san komai ba.

Can tsakiyar lokaci Ɗigo ta maƙale. Daga sama ana hango kafaɗunta na rawa. Mama ta miƙe zumbur ta buga gilashin.

"Ƙawata! Wayyo, ku buɗe min!"

Mai gadi ya roƙe ta ta zauna. Ta juyo a fusace za ta sauke wa Malama, sai ta tsaya. Malama na zaune shiru kamar rannan, amma yanzu Mama na kusa. Ta ga gefen mayafin da aka murɗe har ya yage, ta ga leɓen da aka cije, ta ga hawaye na sauka ba a share ba.

A ƙasa kuwa, Ɗigo ta ajiye fensir. Ta ja da baya a kujera, ta goge fuska da hannun riga, ta sake kallo. Sai ta duƙa tana rubutu ba ƙaƙƙautawa.

Mama ta zauna a hankali, ta kamo hannun Malama, ta ji shi sanyi ƙalau.

"Daman haka kike ji in kin yi shirun nan?"

"Kullum, Mama."

Da aka kammala gasa, Ɗigo ta fito da lambar tagulla a wuya, tana tsalle. "Kaka, kin ga? Na maƙale, na tuna Anti, shi ke nan! Sori da na yi kuka!"

Mama ta rungume ta da hannu ɗaya, ɗayan bai saki na Malama ba. Ta ɗaga murya: "Kai, Dogo, daina laɓewa! Je ka faɗa wa kawunnanka su shirya. Ɗiyata ta jira ya isa."

Malama ta rufe fuska da yagaggen mayafinta, gidan nan mai bishiya ya dawo kusa har tana jin inuwarsa.

To, 'yan'uwa, kada mu yi gaggawar yanke wa mutum hukunci daga bakin ƙofa. Wani mai son naka yakan danne zuciyarsa ya bar ka ka tashi da ƙafarka, kuma shi ya fi kowa jin zafin kukanka. Malama ta yi haƙuri ba ta saki gaskiyarta ba, sai Allah ya haɗa mata ɗalibarta, da mijinta, da uwa ta biyu.