Ranar Da Ƙararrawa Ta Makara

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe rahoton ya iso caji ofis: kwamfutocin hannu ashirin da huɗu sun yi ɓatan dabo daga ofishin shugabar makarantar firamare da ke bayan kasuwa. Sufeto ya ɗauki hularsa, ya ce wa Kofur ya tayar da mota.

Makarantar ta shekara hamsin da kafuwa, amma sai a shekara biyun nan ta farfaɗo. Sabuwar shugabar ce ta sa aka gyara rufin azuzuwa, ta buɗe ɗakin karatu, ta yi ta sintiri a ma'aikatar ilimi har aka ba ta kwamfutocin. Gobe tawaga za ta zo dubawa, daga nan a tabbatar mata da kujerarta ko a sallame ta.

Sufeto ya same ta tsaye a gaban kabad, ido ya yi ja.

"Yaushe kika gan su na ƙarshe?"

"Tara da kwata. 'Yan aji huɗu suka dawo da su, na kulle da hannuna. Ana fita hutun tara na wuce ma'aikata kai takarda. Da na dawo na buɗe, wayam."

"Buɗewa kika yi? A kulle kika same shi?"

"A kulle, yallaɓai. Kuma makulli ɗaya ne, ga shi a jakata. Gobe da wane baki zan ce ba ni ba ce?"

Sufeto ya duƙa ya duba kwaɗon, ko ƙwarzane babu. Shekararsa sha tara yana aikin ɗan sanda, bai taɓa ganin ɓarawon da ya yi sata ya tsaya rufe ƙofa don ladabi ba.

Maigadi na bakin ƙofa yana rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Wallahi ko taku ɗaya ban yi daga nan ba."

"Baba, wannan kofin shayin da ke ƙarƙashin bencinka fa? Da ƙafarsa ya zo?"

Tsohon ya sosa ƙeya. "To, na ɗan tsallaka titi. Amma idona na kan ƙofa. Babu wanda ya fita da kaya, ko leda."

Wannan karon Sufeto ya yarda da shi. Ke nan kayan ba su bar makarantar ba.

A gindin katanga matar da ke sayar wa yara abinci tana wanke tukwane tana 'yar waƙarta.

"Inna, ke kaɗai ce mai fara'a a makarantar nan yau."

"Yo ba dole ba, ɗana? Yau har ƙanzo na sayar. Hutun ne ya yi tsawo."

"Kamar yaya?"

"Kullum ƙararrawar Malam Agogo da labarun ƙarfe goma tare suke farawa a rediyona. Shekara da shekaru haka. Yau kuwa har aka gama labarai, aka shiga sanarwa, sannan na ji ƙarfe. Na ce oh, yau Agogo ya tsaya!"

"Wane ne Malam Agogo?"

"Mataimakin shugaba mana. Ba ya yarda kowa ya taɓa ƙarfen nan. Ai har ita shugabar, shi ya koyar da ita tana 'yar mitsitsiya."

Sufeto ya koma ofis ya nemi littafin tarihin makaranta, wanda kowane shugaba ke rubuta abin da ya faru a zamaninsa. Ya yi ta buɗa shafukan da suka yi ruwan ƙasa har ya iso mutuwar tsohon hedimasta. Daga nan rubutun ya koma wani kyakkyawan hannu, tsaf kamar na inji, na tsawon shekara uku, kowane shafi da sa hannun mataimakin shugaba. Layin farko ya ce: "Na karɓi riƙon ƙwarya, tare da makullan kabad guda biyu." A shafin miƙa mulki kuwa, makulli ɗaya aka rubuta.

Shugabar ta karanta, ta nemi kujera ta zauna. "A'a, yallaɓai. Ban da Malam."

A aji shida suka same shi. Dogo ne mai furfura, rigarsa ta sha guga, ga agogo a hannun hagu. Ya sa yara aikin lissafi sannan ya fito baranda.

"Malam, ƙarfe nawa ka buga ƙararrawar komawa aji?"

"Goma daidai. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa saɓawa ba."

"Rediyon Inna ya ce goma da minti sha biyu."

"Yanzu mai abinci ce za ta koya mini lokaci?"

"Ina makullin kabad na biyu?"

"Ya ɓace tuntuni."

"Ina ka je lokacin hutun tara?"

"Na kai kwalin alli tsohon sito. Ko shi ma laifi ne?"

"Mu je mu ga allin."

Siton na can ƙarshen fili, cike da karyayyun bencina da ƙura. A lungu akwai tebur ɗaya da aka goge fes. A kansa ga kwali, an lulluɓe shi da ƙyalle mai tsabta. Kofur ya yaye.

Ga su nan. An jera su bi da bi, daga lamba ɗaya zuwa ashirin da huɗu, an sa takarda tsakanin kowace biyu don kada gilashi ya ƙarce.

Sufeto ya girgiza kai. "Malam, kwashewa da kawowa nan minti biyar ne, da ka koma kan ƙarfenka a kan lokaci. Jerawa ce ta cinye ka. Ka tsaya kana kiran rajista."

Tsohon malamin ya ɗago kai. Da ya buɗe baki, ba Sufeto ya kalla ba, shugabar ya kalla, wadda ta biyo su ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ni na koya miki riƙe fensir. A ajina kika yi fitsari a wando kina kuka, na ba ki mayafin matata kika ɗaura. Shekara uku na riƙe makarantar nan ba alli, ba rufi, ruwan sama na zuba a kaina ina koyarwa. Da lokacin naɗi ya yi, sai aka ce takardata ta tsufa. Gobe za su zo su tafa miki, ni kuma in tsaya a gefe in buga musu ƙarfe."

"Malam, a jawabin da na rubuta na gobe, sunanka ne a farko."

"Ba na so! Sunana a bakinki sadaka ce." Ya dafa teburin. "Ban yi niyyar sayarwa ba, Allah ne shaida. Kwana biyu kawai nake so. Su zo su tarar da kabad wayam, su sallame ki, sai in ce na tsinto su. Kullum na ga yaran nan suna karatu da kyau a ɗakin da kika buɗe, maimakon in ji daɗi sai zuciyata ta yi ta ƙuna. Na san hassada ce. Na sani, na kasa dainawa."

Shugabar ta juya ga Sufeto, hawaye na zuba. "Yallaɓai, tunda an samu kayan, a bar maganar."

"Kayan gwamnati ne, Malama, kuma rahoto ya riga ya shiga. Sai dai ki zo ki faɗi wannan a gaban babbanmu." Ya yi wa Kofur alama ya mayar da ankwa aljihu. Ba zai sa wa mutum ƙarfe a gaban ɗalibansa ba.

Suka ratsa fili, malamai na leƙe ta tagogi. Dab da mota, Malam Agogo ya tsaya cak, ya dubi hannunsa na hagu.

"Ɗaya da rabi ta yi. Yara za su tashi."

Babu wanda ya motsa. Shekara ashirin da bakwai ba wanda ya taɓa sandar ƙararrawar sai shi. Can shugabar ta taka zuwa gindin bishiya, inda tsohon wilin mota ke rataye, ta ɗauki sandar ƙarfen da hannu biyu ta buga.

Ya saurara har ƙarar ta mutu, ya sake duban agogonsa.

"Kin makara da minti biyu," ya ce, sannan ya sunkuya ya shiga motar.